Tambayar 'Yan Baya ta Mu'azu Ce

Da kakar bana Mu'azu ya yi shekara bakwai a ƙasa. Ana tsakiyar yankan dawa aka bugo mini waya daga ƙauyensu Kekun Waje aka ce ya rasu, kafin in isa har an fito da shi. Tun daga nan, duk shekara in lokacin ya zagayo sai in ce zan rubuta wani abu a kansa, in ɗauki biro, in juya shi, in ajiye. Masu irin wannan rubutu sukan jero halayen mamaci na kirki, su yi masa addu'a, su tashi da zuciya wasai. Nawa ba zai tafi haka ba. Ina ƙaunar Mu'azu, Allah shi ne shaida. Amma na yi kishinsa yana raye, ya mutu ban daina ba, kuma akwai wani abu nasa a hannuna da ban taɓa mayarwa ba.

Abin da ya hana ni ajiye biron bana shi ne ɗiyata Shafa'atu. Wata mai kamawa zan yi ritaya daga kwalejin horas da malamai, ba sai na faɗi sunanta ba, inda na ƙare ƙuruciyata ina koya wa ɗalibai yadda za su koyar da 'yan firamare lissafi da kimiyya. Abokan aiki sun shirya mini walima, har da allon karramawa, saboda wata hanyar duba sababbin malamai da yau ake kira tsarin Malam Isiyaku. Isiyakun nan ni ne. Shafa'atu, wadda ita ma malamar firamare ce a Tsafe, ta aiko a yi mata afuwa, ba za ta samu zuwa ba. Lafiyarta ƙalau, ba goyo ne da ita ba, kuma daga Tsafe zuwa Gusau ba tafiyar da za a yi wa guzuri ba ce. Ban tambayi ɗan aiken dalili ba, don na san shi.

Tare muka taso da Mu'azu. Ni ɗan cikin garin Bungudu ne, shi kuma daga Kekun Waje aka kawo shi gidan kawunsa, maƙwabcinmu, don ya yi boko. Benci ɗaya muka zauna tun daga aji ɗaya. Ni nake zuwa na ɗaya a lissafi, kullum, ba yabon kai ba. Shi kuwa lissafi gallaza masa yake yi. Malam zai wuce shafi biyu, Mu'azu na nan yana ƙirga yatsu a ƙarƙashin benci, leɓensa na motsi. Bulalar da ya sha a kan haddar bakwai sau takwas, da ni ne da na gudu na koma gona. A hanyar komawa gida ni nake koya masa, ina zana lambobi a ƙasa da tsinke, kuma ina jin daɗin hakan fiye da yadda ya kamata, don yaro ma yana son a riƙa ɗaga kai ana kallonsa.

Na wuce jami'a, na yi digiri, na ƙara wani. Shi ya tsaya a koyarwar firamare. Ya koyar a Magami, ya koyar a Kwatarkwashi, ya koyar a wasu ƙauyukan da in damina ta zauna sai ka naɗe wando ka ratsa rafi. Yana aiki yana karatu, da ƙyar da jiɓin goshi ya haɗa takardar da ta kai a ɗauke shi kwalejinmu, a sashen da nake. Ranar da ya zo kama aiki ni na riƙe hannunsa na zaga da shi ofis-ofis ina gabatar da shi. Murnata ta gaskiya ce a ranar. A raina na samu wanda zai riƙa leƙo ofishina da tambaya, kamar da.

Bai leƙo ba. Bai ma cika shekara ba na gane cewa ba ƙane na kawo wa kaina ba.

Ajinsa na jingine da nawa, bango ɗaya ya raba mu. Ni in na shiga, in rubuta kan darasi, in yi bayani, ɗalibai su kwafa, ba abin da kake ji sai motsin takarda. Shi kuwa da buhu yake shiga. A ciki akwai kara da ya yayyanka ya ɗaure goma-goma, da marafan kwalba, da mudu, da gwangwanaye, da igiya. Sai ya sa ƙarti da matan aure su ture kujeru su zauna a ƙasa, maza gefe mata gefe, ya ce yau ku 'yan aji biyu ne, ɗaya ya tashi ya koya muku ɗebewa. In ɗalibin ya zo wurin da ake cewa sai mu ari ɗaya daga maƙwabci, Mu'azu ya ɗaga hannu kamar yaro, ya ce shi fa bai gane ba, ɗaya aka aro, ya aka yi ta zama goma? Ɗalibi ya tsaya baki buɗe, don shi ma haka aka haddatar da shi, bai taɓa tambaya ba. Sai Mu'azu ya miƙa masa ɗaurin kara guda ya ce kwance. Yana kwancewa kara goma su zube a gabansa. Ajin ya kaure da shewa. Ni kuma ina ɗaya gefen bangon da alli a hannu, ina kallon 'yan ajina sun karkata kunne can.

Ranar kimiyya randa ya sa aka ɗauko masa, da bokitin roba, ya cika su da ruwa ɗaya tun da safe, ya ajiye su wuri guda. Da azahar ya ce kowa ya tsoma hannu, sannan a gaya masa dalilin da na randa ya fi sanyi, da Hausar da 'yar shekara takwas za ta ji. Sati guda ana gardamar randar nan har a bakin masallacin kwaleji. Ni na san amsar, na san sunanta a littafi, ina iya cika allo da lissafinta. Amma ban taɓa tunanin in kawo randa aji ba, alhali kullum daga ita nake sha a gidana.

Ɗalibai suna girmama ni, ba zan yi musu ƙarya ba. In na taho sai su raɓe, su rusuna, su gaishe ni. Shi kuwa bin sa suke yi har inda ya kafe mashin ɗinsa, ana rige-rigen ɗaukar buhu, wani na nuna masa abin da ya ƙera da gwangwanin madara. Nakan tsaya ta tagar ofis ina kallo, in ce a raina, tabɗi, wannan da ni na koya wa bakwai sau takwas. Malaman addini za su ce sunan abin hassada. Ni dai kishi nake ce masa, don in samu in dubi kaina.

Inda muka fi haɗuwa shi ne gwajin koyarwa. Kafin ɗalibi ya gama kwaleji ana tura shi firamare ya yi zango guda yana koyarwa, mu kuma mu bi shi mu duba, mu ba shi maki. Yadda muka gada, mai dubawa zai zauna a kujerar da hedimasta ya sa aka kawo masa, ya karɓi takardar shirin darasi, ya duba ko an rubuta manufa da matakai, ya kalli rubutun allo, ya saurari murya. A ƙarshe ɗalibin ya ce, kun gane? Yara su amsa har kwanon rufi ya ɗauka, mun gane! Shi ke nan, a ba da maki, a sha ruwa, a wuce makaranta ta gaba.

Mu'azu ya ce shi bai yarda da wannan amsa ba, don ya yi shekaru yana ba da ita da ƙarfinsa alhali bai gane komai ba. Ba ya zama kujerar hedimasta. Layin ƙarshe yake zuwa ya raɓa inda yara suke, ko benci ko ƙasa. In darasi ya ƙare sai ya ɗauki uku daga na bayan nan, waɗanda ba su ɗaga hannu ko sau ɗaya ba, ya fita da su gindin bishiya tare da ɗalibin, ya yi musu tambaya a kan abin da aka koyar, amma ba irin wadda aka rubuta a allo ba. Abin da suka amsa, shi ne makin malaminsu. Ɗalibai suka sa wa abin suna tambayar 'yan baya, kuma sun fi tsoronta a kan jarrabawar ƙarshe.

Na yaƙi wannan hanya a taron sashe ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Na ce babu ta a littafi. Na ce ɓata lokaci ce, mai dubawa na da makarantu biyar a gabansa. Wata rana har na ce zalunci ne a ɗora wa malami laifin daƙiƙin yaro. Da kalmar ta fito Mu'azu ya dube ni, ya yi ɗan murmushi. Duk ɗakin ni kaɗai na san sau nawa aka kira shi da sunan nan a gaban aji.

Ana haka Shafa'atu ta shigo kwalejin. Ita ce ta huɗu a 'ya'yana, kuma ita kaɗai ta ɗauko kaina a lissafi, shi ya sa nake ji da ita. Da lokacin gwajinta ya zo aka tura ta wata firamare a Kwatarkwashi, can gindin dutse, aka ba ta aji huɗu, kuma rabon duba ta ya faɗa kan Mu'azu. A lokacin ni ne shugaban sashe, ina iya canzawa da biro ɗaya. Ban canza ba. Wani abu a raina ya ce bari ya ga yadda ake darasi, ta bakin jinina. Ranar wata Asabar da hantsi na zaunar da ita a tsakar gida, na shifta mata shirin darasin kakaf, ina faɗa tana rubutawa. Darasin rabe-rabe ne, a gane wanne ya fi girma tsakanin ɗaya bisa uku da ɗaya bisa huɗu da makamantansu. Na ba ta ƙa'ida tsaf da yara za su rera: in lambar ƙasa ta ƙaru, rabo ya ragu. Dokar aikinmu ta hana abin da na yi, kuma ni ne mai karanta wa ɗalibai dokar duk shekara.

Ban je ba, amma na ji labarin daga bakinsu su biyun, kuma bai saɓa ba. Darasi ya tafi sumul. Yara sun rera ƙa'idar har sau biyar. Da aka gama ya fita da uku, cikinsu da wata yarinya da ke tallan rake in an tashi. Ya ce mata rake guda ne, za a raba muku ku uku ko ku huɗu, wanne kika fi so? Ta yi dariya ta ce mu uku mana, wa ke son a ƙaro mutum. Sai ya rubuta ɗaya bisa uku da ɗaya bisa huɗu a ƙasa, ya ce to nuna mini babba. Ta ɗora yatsa a kan mai huɗun, don huɗu ta fi uku. Sauran biyun ma haka suka yi. Yarinyar ta zo da sanin abin tun daga gida, amma darasina bai haɗa abin da ke kanta da abin da ke kan allo ba. Mu'azu ya kayar da Shafa'atu. Sai ta maimaita zango, 'yan ajinta su fita su bar ta.

Da kansa ya zo gidana a Gusau bayan la'asar. Ko tabarma ban sa an shimfiɗa masa ba, a tsaye muka yi a ƙofar gida.

Na ce, "Mu'azu, ɗiyata? Duk kwalejin ga ba ka ga wadda kaka gwada ƙwarewakka kanta ba sai ita?"

Ya ce, "Ɗiyakka ta iya lissahi, Isiyaku. Yaran da anka tura ta ta koya ma, su na ba su iya ba." Ya rage murya. "Shirin darasin nan kau, hannunta ya rubuta shi, amma kai kay yi magana. Shekara arba'in ina jin yadda kaka jera zance. Ban sa wannan ga rahoto ba, kuma ba ni sa shi."

Da ya kai maganar gaba, kunya ce zan sha a gaban duk wanda na taɓa yi wa faɗa, watakila har kujerata ta tafi. Ya rufa mini asiri. Mai hankali godiya zai yi. Ni kuwa ji na yi an ƙara mini kaya, don ga shi ya fi ni a aji, yanzu kuma ya fi ni a hali. Na yi wata biyu in mun haɗu daga gaisuwa ba na ƙara komai.

Shafa'atu ta yi kwana biyu tana kuka, na ce a raina ai ta gama da shi. Ina! A rana ta uku ta je ta roƙi a sake ba ta shi ya duba ta. Ya ara mata buhunsa. Daga nan gidana ya zama juji, marafan kwalba a kwano, wake na tsiro a gwangwanaye jere a gindin katanga, mahaifiyarta na mita kullum an ɗauke mata mudu. Kana cin abinci sai ka ji Malam ya ce kaza, Malam ba ya son kaza. Ni ma fa malam ne, har da digiri biyu, amma a cikin gidana in an ce Malam kawai, kowa ya san ba ni ake nufi ba. A gwaji na biyu rake ta shiga da shi aji, da wuƙa, ta sa yara suka raba da hannunsu kafin a rubuta lamba ko ɗaya. Duka ukun suka amsa. Ta dawo tana walƙiya, ko mayafi ba ta cire ba ta durƙusa gabana ta ce, Baba, yau na zama malama. Na ce madalla, Allah ya yi albarka. Tuwon ranar a kwano na bar shi.

Nakan tambayi kaina me Mu'azu zai ce da zai ɗago ya ga yau. Yawancin ƙauyukan da yake hawa mashin ya je duba ɗalibai, yanzu ba ma tura kowa can saboda 'yan bindiga. Hanyar Magami da yake bi da buhu ɗaure a baya, yau sai mutum ya yi shawara da iyalinsa kafin ya hau ta. A cikin Gusau da manyan garuruwa muke cusa ɗalibanmu, inda ajujuwa suka cika maƙil da yaran da iyayensu suka baro gidajensu. Layin baya ya kai bakin ƙofa, wani wurin har baranda. Za ka ga yarinya ta isa aji shida tana zaune a aji biyu, don ta yi shekaru ba ta ga allo ba, tana jin kunyar buɗe baki. Waɗannan su ne mutanensa. Na tabbata da zai shiga irin wannan aji, ba zai tsaya kukan rashin benci ba, wurinta zai nufa.

Ga kuma waya. Yanzu ɗalibi zai latsa ta rubuto masa shirin darasi, manufa da matakai da komai, wallahi ya fi wanda na shifta wa Shafa'atu kyau. Da hanyata ta duba takarda muke bi har yau, da kowa ya ci maki cikakke, har wanda bai san inda ake riƙe alli ba. Ba na jin Mu'azu zai yi faɗa da wayar. Zai ce a bar su su kwafa, in an gama darasi ma ji daga bakin yara. Wannan ma yana ba ni haushi, a ce zamani ya juyo ya ba shi gaskiya bayan ba ya nan, ni kuma ina raye ina gani.

Yanzu ga abin da na yi.

A shekararsa ta ƙarshe ciwon ƙoda ya kwantar da shi, ya koma gida Kekun Waje. A tsakanin nan aka gayyace ni wani taron bita na hedimastoci a Gusau, in yi magana kan yadda za a riƙa duba sababbin malamai. Bayan azahar aka sa ni, an ci shinkafa an ƙoshi, rabin zauren na gyangyaɗi. Na karanta shafi uku na takardata ba wanda ya ɗago. Sai na ajiye ta, na ba su labarin yarinya mai rake, ban dai ce ajin ɗiyata ba ne. Zaure ya farka. Wani dattijon hedimasta ya miƙe ya ce, Malam, wannan dabara a ina ka samo ta? Sunan Mu'azu na bakina, wallahi a kan harshena yake. Sai na dubi fuskokin nan, duk sun juyo gare ni, irin juyowar da na yi shekaru ina jin ana yi masa ta bayan bango. Na ce ni na ɓullo da ita a sashenmu. Aka tafa, aka daɗe ana tafawa, kuma ba zan ɓoye muku ba, ya yi mini daɗi.

Na je duba shi sau biyu bayan wannan. Ya rame, yana kwance a zaure inda iska ke shiga. Muka yi hirar yarinta, ya tambayi ɗalibai ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Bai ambaci taron ba, sai na ce a raina bai ji ba. Na yi niyyar gaya masa, na ce bari dai ya ji sauƙi tukuna. Wata huɗu tsakani ya rasu.

Daga nan abin ya bi gari. Aka kira ni Bungudu, aka kira ni Tsafe, aka sa hanyar a cikin takardar da muke ba masu dubawa, da sunana a sama. Ni da na yaƙe ta a taron sashe na zama mai yi mata wa'azi. Karo na farko ne kawai ya yi mini nauyi, na biyar ko ɗar ban ji ba. Tsofaffin ɗalibansa sun sani, abokan aikinmu na da sun sani, amma wa zai miƙe a taro ya ƙaryata dattijo mai furfura? Kunya ta rufe musu baki, ni kuma na fake a bayan kunyarsu. Shafa'atu ba ta taɓa ce mini uffan ba. Ta dai daina kawo mini labarin makaranta, in na tambaya sai ta ce lafiya lau. Kuma ko sau ɗaya ban ji ta kira abin da sunana ba, har yau ita tambayar 'yan baya take cewa.

Makon jiya na ɗauki katin gayyata na tafi Tsafe da kaina. Na same ta a makaranta an tashi yara, tana tattara kayan aji. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta share kujerarta ta ba ni. Na ajiye katin a kan tebur, ba ta taɓa shi ba.

Na ce, "Shafa'atu, faɗa min gaskiya. Ɓarawo kika ɗauki ubanki?"

Ta ce, "Subhanallahi, Baba." Ta sunkuyar da kai. Sannan ta gaya mini abin da ban taɓa sani ba. Mako guda bayan wancan taron bita ta je Kekun Waje gaishe shi, ta tarar wani hedimasta da ya halarta ya riga ta zuwa ya ba shi labari. Ita ta shiga da hawaye. Shi kuwa dariya ya yi har tari ya sarƙe shi. Ta ce ga abin da ya faɗa mata: "Ki bar ma Isiyaku. Ni na yi shekara goma ina faɗi, ba wanda yas saurara. Shi yaf faɗi sau guda an tafa. In ta bakinai za ta kai ga yara, na ba shi, halak malak. Kada ki tada mai zancen."

Ashe ya sani. Ashe duk zaman da na yi a bakin tabarmarsa ina yi masa ya jiki, ya sani, ya riƙe hannuna yana tuna mini bulalar aji uku. Kuna tsammanin na ji sanyi? Kunya ce ta fara rufe ni, har na kasa duban ɗiyata. Bayan ta, Allah ya yafe mini, tsohon abin nan ya taso daga inda yake kwance. Na taso in mayar da kayan mutum, na tarar tun yana raye ya ba ni su kyauta. Ko ɗan wannan ƙoƙari bai bar mini in yi in ji na yi wani abu ba.

Na ce, "To in shi ya yahe, ke mi ya hana ki zuwa?"

Ta ce, "Shi yay yahe nashi, Baba. Ni ba ni iya zama in ga ka tashi ka karɓi allon ga, ba a ambaci sunanai ko sau guda ba. Shekara bakwai ina sauraren in ji ka ambace shi da bakinka."

To ga shi na ambata, a inda ba zan iya janyewa ba. Hedimastocin da suka tafa mini, masu dubawa da ke riƙe da takardar nan, ɗaliban da na tsaya gabansu ina bugun ƙirji, ku ji: tambayar 'yan baya ta Malam Mu'azu na Kekun Waje ce. Ni na yaƙe ta, sannan na sace ta. A cire sunana a sa nasa. Iyalansa kuma ina neman afuwarku, zan zo da ƙafata in sake nema. Abokan aikina, walima taku ce, in kun ga dama ku yi, in kun ga dama ku fasa, amma allon nan kada a ba ni shi. Ban gaya wa Shafa'atu zan yi wannan rubutu ba, kuma ban san ko zai isa ya sa ta hau mota ba.

Mu'azu bai bar littafi ba, ba a sa wa ko ɗaki guda sunansa ba, gidansa na ƙasa ne har yau. Abin da ya bari yana tafiya da ƙafa. A wannan safiya, a wani aji a Bungudu ko Tsafe ko unguwannin Gusau, wata malama za ta gama darasi, ta haɗiye kun gane ɗin da ta zo mata baki, ta ratsa ta cikin yara ta tsuguna gaban wadda ba ta taɓa ɗaga hannu ba. Yarinyar ba za ta taɓa jin sunansa ba, kuma na san shi, hakan ba zai dame shi ba. Ni ne yake damu, kullum ni ne.

Allah ya jiƙanka, Mu'azu, ya haskaka makwancinka. Tsarinka na mayar maka a gaban jama'a. Shafa'atu ce ba zan iya karɓowa daga hannunka ba. Ni na haife ta, ni na koya mata ƙirga, amma in aka tambaye ta wa ya mai da ta malama, na san sunan da za ta faɗa, kuma tsofai-tsofai da ni, wallahi har yau abin yana ci mini rai.